DUNIYA MAKARANTA: Tirupati, inda ake biyan bashin da ba ya ƙarewa

A wannan mako filin ya yada zango a kudancin ƙasar Indiya. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai sun san Indiya ta ƙofa uku: finafinan Bombay da aka daɗe ana kallo, asibitocin da masu hali ke zuwa neman magani, da buhun shinkafar da ke sauka Kwatano ko Lome kafin ya hau babbar mota ya nufo arewa. Kaso mai yawa na wannan shinkafa daga tashar jiragen ruwa ta Kakinada ake lodinsa, cikin jahar Andhra Pradesh. To, cikin wannan jaha ne, can kusurwarta ta kudu, akwai wani gari mai suna Tirupati, wanda miliyoyin mabiya addinin Hindu ke burin su taka ko sau ɗaya kafin su bar duniya.

Mutum 60.000 zuwa 80.000 ne ke shiga babban ɗakin ibadar wurin kowace rana, rani da damina. Cikin shekara ta 2024 an ƙidaya masu ziyara sama da miliyon 25, wato kusan yawan al'ummar Nijar gaba ɗaya. In aka tuna cewa alhazan da suka tsaya Arfa a wannan shekarar ba su cika miliyon 2 ba, za a gane cewa kowane wata garin yana saukar da taron da ya kai na aikin hajji guda.

Maganar aƙida tana hannun masu ita, kowa da addininsa. Abin da ya dace ɗan kasuwa da ma'aikacin gwamnati su duba shi ne nauyin da ke bisa wuyan masu riƙon wurin. Talaka ya baro ƙauyensu ya danƙa musu abu uku: ransa cikin cunkoso, kuɗinsa cikin asusu, da cikinsa, tun da abin da suka dafa shi zai ci. Tarihin Tirupati, na da da na yanzu, labari ne na yadda aka riƙe waɗannan amanoni uku, da wuraren da aka yi sake da su.

Gari biyu, ɗaya bisa ɗaya

Tirupati yana gindin duwatsu, tafiyar kilometir 140 ko kusa da haka daga Madras, birnin da aka sake wa suna Chennai a 1996. Harshen mutanen wurin Telugu ne, wanda ya sha bamban da Hindi na finafinai. A nan ƙasa ake da tashar jirgin ƙasa da masaukai da kasuwanni da jami'a. Babban ɗakin ibadar kuwa yana can sama, cikin wani ƙaramin gari mai suna Tirumala, metir 850 bisa teku, tsakanin duwatsu bakwai waɗanda Hindu ke kamantawa da kawuna bakwai na wani maciji da ke cikin labaran addininsu.

Hanyar mota biyu ce ta haɗa sama da ƙasa, kowace wajen kilometir 20 na kwana-kwana. An buɗe ta farko a 1944, ta biyu a 1974. Yau ɗaya ta hawa ce, ɗaya ta sauka. A shingen Alipiri, gindin dutsen, ana sauke kaya a bincika, domin an hana shiga Tirumala da nama ko giya ko taba. An kuma yanke wa direba lokacin da zai yi bisa hanya, wanda ya iso kafin lokacin an san ya yi gudu, sai tara. Masu bakance kuwa da ƙafa suke hawa, da yawansu ba takalmi. Hanyar Alipiri tana da matakala sama da 3.500, ta Srivari Mettu kusan 2.400. Ana karɓar kayan mai hawa a ƙasa a kai masa sama kyauta, ya nuna takarda ya karɓa. Hanyar ta ratsa kurmi, kuma kurmi da masu shi: a watan Agusta 2023 damisa ta kashe wata yarinya ƴar shekara 6 bisa matakalar Alipiri. Bayan haka ne aka riƙa tara masu hawa ƙungiya-ƙungiya, aka kuma raba musu sanduna, abin da ya jawo wa hukumar wurin ba'a a jaridun ƙasar.

Ziyarar tana da tsarinta. Wanda ya isa sama yakan fara da wanka a wani tafki mai matakala da ake kira Swami Pushkarini, ya gaida ƙaramin ɗakin ibadar Varaha da ke bakinsa, sa'an nan ya nufi babban. In ya sauko, ga ɗakin Govindaraja mai doguwar hasumiya da ake hange daga tashar jirgi. Ana danganta kafa shi da malami Ramanuja a 1130, kuma kewaye da shi ne garin Tirupati ya tashi. Kilometir 5 daga nan, a Tiruchanur, akwai ɗakin Padmavati, wanda da yawa ke ganin ziyara ba ta cika ba sai an je shi. A gindin dutsen akwai Kapila Tirtham, inda ruwa ke zubowa daga tsauni gaban ɗakin bautar Shiva. Mai sauran guzuri yakan ƙarasa Srikalahasti, ƙasa da kilometir 40, ko ganuwar Chandragiri, mazaunin sarakunan ƙarshe na daular Vijayanagara. Daga hannun wani hakiminsu ne Turawan Ingila suka samu filin da suka gina Madras a 1639. Babban biki kuwa shi ne Brahmotsavam, kwana 9 cikin Satumba ko Oktoba, inda ake zagaya titunan Tirumala da gumaka bisa karaga. Daren rana ta biyar mutane dubu ɗaruruwa ke cika garin.

Bashin Kubera

Abin bautar da ke Tirumala sunansa Venkateswara, amma jama'a sun fi kiransa Balaji ko Govinda. A imanin Hindu wata siffa ce ta Vishnu. Gunkin na baƙin dutse ne, a tsaye, ya fi mutum tsawo, cikin wani ɗaki mai duhu wanda aka lulluɓe rufinsa da zinariya.

Labarin da iyaye ke ba yara a can yana cewa Balaji ya sauko duniya, ya ga gimbiya Padmavati, ya nemi aurenta, alhali ba shi da ko anini. Sai ya ci bashi wajen Kubera, ma'ajin dukiya a labaransu, aka rubuta takarda, bisa sharaɗin zai yi ta biyan ruwan kuɗin har ƙarshen wannan zamani. Saboda haka duk mai ziyarar da ya jefa wani abu cikin asusun ɗakin, a ganinsa taya ango biyan bashin biki yake yi. Da wannan labari manomi ke kwance bakin zanensa, attajiri ya tuɓe zoben hannunsa. Ba a tambayar suna, ba a ba da rasit.

Kuɗin da ke shigowa ta irin wannan hanya, kowane ɗan kasuwa ya san hatsarinsa. Mutanen da ma sun san shi, shi ya sa suka ɗauki dutse ya zame musu littafin lissafi.

Lissafi bisa bango

A bangayen ɗakunan ibadar Tirumala da Tirupati akwai rubuce-rubuce sama da 1.000 da aka sassaƙa cikin Tamil da Telugu da Kannada, kuma galibinsu takardun kyauta ne. Ɗaya daga cikin mafi tsufa na shekara ta 966 ne, inda wata sarauniya mai suna Samavai ta ba da gunkin azurfa da kayan ado da gonaki. Rubutun kan faɗi wanda ya bayar, da abin da ya bayar, da abin da za a yi da shi, har yawan mudun shinkafa da man da za a dafa.

Masanin tarihi Burton Stein, wanda ya bi diddigin waɗannan rubuce-rubuce, ya nuna yadda kuɗin ke juyawa a zamanin daular Vijayanagara. Amintattun ɗakin ba su binne kyautar cikin tukunya ba. Sukan zuba ta cikin haƙa tafkuna da magudanun ruwa a ƙauyukan da ɗakin ya mallaka, waɗanda suka haura 100 a ƙarni na 16. Amfanin gona ya ƙaru, da ƙarin ne ake dafa abincin da mai kyautar ya yi alkawari, shi kuma a ba shi rubu'in abincin ya ci ko ya rabar. Uwar kuɗi tana nan, riba ce ke aiki, sharaɗin kuma yana bisa bango inda kowa ke wucewa. Sarki Krishnadevaraya, wanda ya yi mulki daga 1509 zuwa 1529, ya hau dutsen sau 7, ya ba da zinariyar da aka shafe rufin da ita, kuma shi ma an rubuta nasa dalla-dalla. Mutum-mutuminsa da na matansa biyu suna tsaye kusa da ƙofa har yau. Hatta waƙoƙin bege na Annamacharya, mawaƙin ƙarni na 15, bisa faranta na tagulla aka rubuta su aka adana cikin wani ɗaki, inda aka tarar da dubbai bayan ɗaruruwan shekaru.

Da dauloli suka faɗi, ɗakin ya zama saniyar tatsa ga duk wanda ya ci ƙasar. Kamfanin Turawan Ingila mai mulkin Indiya ya karɓe yankin a 1801, ya riƙa zuba kuɗin ziyara cikin baitulmalinsa, a 1821 kuma ya fitar da ƙa'idoji 42 na tafiyar da wurin. Ƴan mishan a Ingila suka yi ta ƙorafin cewa gwamnatin Kirista ba ta da hurumin riƙon ɗakin gumaka, sai a 1843 aka miƙa shi ga shugabannin wata zawiyar Hindu mai suna Hathiramji. Shekara 90 suka yi da shi, cikin ƙararraki da zargin almubazzaranci. A 1933 aka kafa hukumar da ke riƙe da shi har yanzu, Tirumala Tirupati Devasthanams, wadda kowa ke kira TTD. Gwamnatin jaha ke naɗa kwamitinta, babban daraktanta kuwa daga manyan ma'aikatan mulki na ƙasa ake ɗauko shi. Dokar 1987 ta soke gadon muƙamai da kason kuɗin da wasu gidaje ke ci tun kaka da kakanni. Suka kai ƙara, kotun ƙoli ta tabbatar da dokar a 1996.

Layi da masu tsallake layi

Aikin farko na hukumar shi ne shigar da dubban mutane ta ƙofa guda, su ga gunkin na ƴan daƙiƙoƙi, su fita. Ana buɗe ɗakin wajen ƙarfe 3 na asuba, ba a rufewa sai bayan tsakar dare. Don kada taron ya taru wuri ɗaya, an gina manyan gidajen jira biyu, na farko a 1983, na biyu a 2000. Kowane an yanka shi zaure-zaure, da wurin zama da ban-ɗaki da ruwan sha. Ana kawo madara da abinci kyauta. In zaure ya cika sai a rufe, a kuma buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Dabarar ke nan: an datse kogi an mai da shi ƙananan tafkuna. Mai bin layin kyauta yakan jira awa 8 ko 12, ranar cunkoso har kwana guda. Mai tike na rufi 300, wajen jika 2 na sefa, yakan saya tun daga gida ta intanet, a ba shi rana da sa'a.

Akwai kuma ƙofar manya. Wasiƙar minista ko ta ɗan majalisa tana kai mutum gaban gunkin da sassafe, yayin da layin talakawa ke tsaye. Inda wasiƙa ke da daraja kuwa, dillalai ba sa nisa, kuma an sha kama masu sayar da irin waɗannan takardu. A 2019 hukumar ta buɗe wata hanya: wanda ya ba da gudummawar rufi 10.000 ga asusun gina ɗakunan ibada da gyaransu, yana samun damar manya ba tare da wasiƙar kowa ba. Masu goyon baya suka ce kuɗin da ke shiga aljihun dillali ya koma asusu. Masu suka suka ce an dai sa wa fifiko farashi a fili. Gardamar ba ta mutu ba.

Ciyarwa kuwa ta bi tsohuwar dabarar bango. A 1985, zamanin shugaban gwamnatin jaha N. T. Rama Rao, aka fara ciyar da masu ziyara kyauta kowace rana. Gudummawar masu hali ana ajiye ta banki, ribar ce ke sayen shinkafa da wake da kayan miya, kuma dubun-dubatar mutane ke ci daga safe zuwa dare. Wanda ba Hindu ba, in yana son shiga ɗakin ibadar kansa, sai ya sa hannu bisa takardar cewa ya yi imani da abin bautar wurin.

Asusu da aska

Asusun, wanda suke kira hundi, wata babbar tukunya ce ta ƙarfe da aka naɗe da farin ƙyalle. Abin da ake samu cikinta a rana yakan kai rufi miliyon 30 zuwa 40, ban da zinariya da azurfa da agoguna da kuɗin ƙasashen waje. Daga 2022 zuwa 2024 ta tara tsakanin rufi miliyar 13 da miliyar 15 kowace shekara, wato kusan sefa miliyar 100. A watan Nuwamba 2022 hukumar ta bayyana dukiyarta: zinariya sama da ton 10 a bankuna, tsabar kuɗi kusan rufi miliyar 160, da filaye da gidaje 960 a faɗin ƙasar. Kasafin kuɗinta na 2024 zuwa 2025 ya haura rufi miliyar 51. Daga ciki ake biyan dubban ma'aikata, ake riƙe asibitoci da makarantu da masaukai.

Ana ƙirga kuɗin cikin ɗaki mai bangon gilashi, ƙarƙashin kamara, masu ƙirgar kuma ba sa shiga da tufa mai aljihu. Kowace safiya ana sanar da jama'a alƙaluman jiya: mutum nawa suka shiga, nawa suka yi aski, nawa aka samu cikin asusu. Jaridu suna bugawa kamar farashin kasuwa. Duk da haka a 2023 an kama wani daga cikin masu aikin ƙirga da dalolin Amurka ɓoye a jikinsa. Gilashi da kamara ba su hana ɗan Adam kwaɗayi ba, amma sun sa an gan shi.

Maganar aski kuwa ta fi kowace jan hankalin ɗan kasuwa. Al'ada ce mai ziyara, namiji ko mace, ya ba da gashin kansa don cika bakance: an samu haihuwa, mara lafiya ya tashi, yaro ya ci jarrabawa. Dubun-dubatar kawuna ake askewa a rana, wanzamai sama da 1.000 ke aiki dare da rana, har da mata cikinsu. Askin kyauta ne, kowa ana ba shi tike da sabuwar reza. Gashin ana tara shi, a busar, a ware bisa tsawo da launi, kuma tun 2011 ta intanet ake gwanjonsa, abin da ya karya haɗin bakin da masu saye kan yi su danne farashi. Yana kawo wa hukumar sama da rufi miliyar 1 a shekara. Doguwar sumar macen ƙauye wadda ba ta taɓa ganin sinadari ba ita ce mafi tsada, domin an aske ta daga tushe, silinta duka suna fuskantar gefe ɗaya, ba ta cukurkuɗewa. Masana'antun Chennai da wasu garuruwa ke wanke ta su gyara, ta nufi Sin da Turai da Amurka, wani kaso kuma ya iso kasuwannin Afirka a matsayin gashin kanti mai tsada. Mai saye dai ya sani, ba duk abin da aka rubuta wa sunan Indiya ne ya fito ɗakin ibada ba. Mai yawa tsintar bakin mataji ne da ake bi gida-gida ana saye.

Man da ba na shanu ba

Ba mai barin Tirumala ba tare da laddu ba. Wani dunƙulen kayan zaƙi ne mai girman lemo, na garin wani irin wake da sukari da soyayyen man shanu da zabibi da ƙwayar yazawa da kayan ƙamshi. Ana yin wajen 300.000 a rana, kowa ana ba shi ɗaya kyauta, ƙari kuma rufi 50, wajen dala 70. Tun 2009 doka ta hana kowa sayar da wani abu da sunan laddun Tirupati in ba hukumar ba. A wajen Hindu abinci ne mai tsarki, ana kai shi gida tsaraba a gutsura wa dangi da maƙwabta. Da yawa daga cikin masu cinsa ba sa cin nama ko kaɗan, saniya kuwa an san matsayinta a wurinsu.

Sai ga shi a watan Satumba 2024 shugaban gwamnatin jahar, Chandrababu Naidu, ya fito ya ce a zamanin wanda ya gada, Jagan Mohan Reddy, an yi laddun da man da aka gauraya da kitsen dabbobi. Ya dogara da sakamakon wani ɗakin gwaji na jahar Gujarat da aka kai wa samfur a watan Yuli. Reddy ya musanta, ya ce siyasa ce. Ƙasa ta ɗauki zafi. Kotun ƙoli ta ja kunnen ƴan siyasa da su raba abin bauta da rigimarsu, ta kuma tambayi dalilin da ya sa aka yi shela kafin a gama bincike. Ranar 4 ga Oktoba 2024 ta kafa kwamitin bincike na mutum 5: biyu daga ƴan sandan tarayya, biyu daga na jaha, ɗaya daga hukumar kula da ingancin abinci. A watan Fabrairu 2025 aka kama mutum 4 daga kamfanonin da ke kawo man, daga baya kuma masu binciken suka zargi wani ɗan kwangila da cewa shekara da shekaru yana kawo man kwakwa da aka haɗa da sinadarai, aka ba shi launi da ƙamshin man shanu.

Abu biyu ne suka buɗe ƙofar, kuma hukumar da bakinta ta amsa su. Na ɗaya, ana ba da kwangila ga wanda ya fi kowa sauƙin farashi, har aka karɓi man a wajen rufi 320 kilo, kuɗin da bai isa a samu man shanu na gaskiya ba. Ƙungiyar makiyaya ta jahar Karnataka, wadda ta daɗe tana kawo man, ta janye saboda farashin bai fishe ta ba. Na biyu, hukumar da ke ajiye da ton 10 na zinariya ba ta da na'urar da za ta gane gaurayen mai cikin tankunan da ke shigowa kullum. Araha ba ta ado, in kuwa ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bayan abin ya faru ne aka koma wa tsohon mai kawowa bisa farashi mafi tsada, aka kuma kafa ɗakin gwaji a Tirumala.

Daren 8 ga Janairu

Wata huɗu ba su cika ba sai ga abin da ya fi wannan ciwo. Sau ɗaya a shekara, lokacin bikin Vaikunta Ekadasi, ana buɗe wata ƙofa ta musamman cikin ɗakin, wadda Hindu ke ganin wanda ya bi ta ya samu tsira. A da kwana 2 take buɗe, daga 2020 aka mai da shi kwana 10. A Janairu 2025 hukumar ta sanar cewa za ta raba tike 120.000 na kwanaki 3 na farko, kyauta, a wasu cibiyoyi cikin garin Tirupati, daga asubahin ranar 9. Mutane suka fara taruwa tun safiyar ranar 8. A ɗaya daga cikin cibiyoyin aka tsare dubbai cikin wani lambu mai shinge. Da dare wata mata ta kasa numfashi, aka buɗe ƙofa don a fitar da ita. Na baya suka zaci an fara rabo, suka danno gaba ɗaya. Mutum 6 suka mutu a wannan dare, wajen 40 suka ji rauni.

Abin lura shi ne inda abin ya auku. A sama, inda aka yi shekara 40 ana datse taro zaure-zaure, ba a taka kowa ba. A ƙasa ne, wurin rabon takardar shiga layin, aka bar dubbai bayan ƙofa guda, ba mai gaya musu abin da ake ciki. Gwamnatin jaha ta dakatar da jami'ai biyu, ta canza wa wasu wurin aiki, cikinsu har da shugaban ƴan sandan gundumar, ta ba iyalan kowane mamaci rufi miliyon 2 da rabi, ta kuma ɗora wani tsohon alƙali bisa bincike. Shugaban hukumar ya nemi gafarar jama'a. A bikin da ya biyo baya, ƙarshen 2025, ta ƙuri'a a intanet aka raba tike na kwanaki 3 na farko, ba wanda ya kwana bakin ƙofa.

Wanda ya dubi al'amuran nan a jere zai ga cewa inda aka rubuta, aka ƙirga, aka sanar, kamar asusu da gwanjon gashi da zaurukan jira, abin yana tafiya, ɓarawo ma in ya gwada ana ganinsa. Inda aka dogara da takardar ɗan kwangila ba a gwada kayansa ba, ko aka tara jama'a ba a shirya mafitarsu ba, nan ne aka yi asarar mutunci da rayuka. Duka biyun kuwa a hannun hukuma ɗaya suka faru, cikin shekara ɗaya, da ma'aikata iri ɗaya. Matar da ta hau matakala 3.500 ta ba da sumarta da ƴan kuɗin da ta ƙulle ba za ta taɓa karanta kasafin hukumar ba, kuma ba ta da hanyar sanin abin da ke cikin tankin mai. Ta bayar ne ta juya, ta bar sauran ga masu albashi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, sai ya yi masa aski.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai rai.